Motar Jan Injin Casa

Alhamis, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau ma ya dawo ba mota. Ta yau wai hayaƙinta ya yi fari. Ta shekaranjiya baƙi ya yi. Na ce to Malam wane iri kake nema, kore? Ko murmushi bai yi ba. Ya cire takalmi, ya sha ruwa, ya shige ɗaki.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin nan na 'yan ajina. A makaranta da na buɗe baki sai malamai su fara kallona da tausayi, ni kuwa na ƙoshi da tausayi.

Injin casa na nan a filin bayan masallacin layinmu, a kan tirelarsa mai taya huɗu, an rufe shi da tamfol, awakin Hayin Banki sun mai da ƙarƙashinsa ɗakin kwana. Nasu ne su biyu, maigidana Malam Balarabe da yayana Bashir. Malam ke ja da mota, Yaya Bashir ke kunnawa ya casa. Injin nan shi ke ciyar da gidan nan, shi ke ciyar da gidan Yaya, matarsa Harira da yara uku. Tun casar shinkafar rani bai motsa ba, tun ranar da tarakta ta jawo shi daga inda masu garkuwa da mutane suka yar da shi a bakin waccan hanyar. Motar ba ta dawo ba. Malam ya dawo ana jajibirin Babbar Salla, shi kaɗai. Iya abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Masara ta bushe a gonaki. Wayarsa sai ƙara take, manoma ne, ba ya ɗauka.

Asabar, 5 ga Oktoba, da hantsi

Yaya Isiyaku ya zo, wan Malam. Shi ya sayar da gonarsu ta gado a lokacin, mafi yawan kuɗin suka tafi inda suka tafi, abin da ya rage ya ajiye na mota. Bai shiga ɗaki ba. A tsakar gida ya tsaya yana magana da ni da ƙarfi, don na cikin ɗakin ya ji. Ya ce in wata ya ƙare ba a sayi mota ba, injin zai sayar, akwai wani mutumin Zariya da ke so, a raba kuɗin gida biyu kowa ya san inda dare ya yi masa. Ya ce ƙarfe in ya zauna tsatsa yake yi.

Ban ga laifinsa ba. Amma kuɗin inji kwana nawa za su yi a hannun mace mai yara uku?

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan Azahar

Ba wuta tun jiya. Na yi ɗanwake, ya ci rabi.

Litinin, 7 ga Oktoba, da yamma

Na zama makanike ba da niyya ba. Wallahi yanzu in aka kawo mini akori-kura zan iya duba ta. Dole mai shan gas, don mai fetur ba za ta ja nauyin nan ba, in ma ta ja ta cinye ribar. Dole giyar hannu. A leƙa ƙasa a ga ko an taɓa yi wa shasi walda. A ƙirga sifirin na baya. A buɗe murfin baƙin mai inji na aiki, in murfin na rawa yana fitar da hayaƙi, injin ya gaji. A duba lagireto. Kuma a je da sassafe a ɗora hannu a kan bonet, don dillalai suna tayar da mota su ɗumama ta kafin mai saye ya iso, mota mai ciwo kuwa da sanyin safiya take tona kanta.

Wannan ita ce kaɗai maganar da yake yi mini da tsawo. In ya fara sai in ajiye abin da nake yi in saurara, ko ba komai ina jin muryarsa. Da na sako wata magana daban sai ya yi shiru kamar an ɗauke wuta.

Ta yau a Mando suka gan ta, shi da dillali. Shasi da walda, in ji shi.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan La'asar

Harira ta zo da ƙaramin a goye. Tun daga sallamarta a zaure Malam ya tashi daga tabarma ya shige ɗaki ya sako labule. Kullum haka. Ita ma ta sani, ta daina tambayar ko yana nan.

Ta rame. Ta fara soya awara a ƙofar gida, ta ce yara sun fi masu saye ci. Mun yi hirar tsadar waken suya, mun yi ta kuɗin makaranta, sai da ta miƙe za ta tafi ta yi tambayar da take yi duk zuwa, da murya ƙasa-ƙasa: bai ce komai ba?

Na ce bai ce ba. Abin da ya faɗa ranar da ya dawo shi ne dai, an raba su da Yaya Bashir tun farko-farko, bai san inda aka yi da shi ba. Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Ita ga ta nan, ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ni ma yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya, amma kowa ya manta da wannan, har ni wani lokacin. Inna kuma har yau in an dafa abinci sai ta ce a rage na Bashir.

Na zuba mata shinkafa a leda. Ta ce a'a, ta karɓa.

Juma'a, 11 ga Oktoba, da safe

Ya yi ihu cikin barci, ya farka ya ce ba komai. Na gaji.

Asabar, 12 ga Oktoba, kafin Magariba

Sagir dillali ya zo neman Malam bai same shi ba, sai ya juye mini nasa a bakin zaure. Wai takalminsa ya ƙare, man babur ɗinsa ya ƙare, duk masu motocin Kawo da Mando sun fara yi masa dariya. Ya ce ta jiya ko shi da ke dillanci bai ga aibinta ba, sai Malam ya zagaya ta, ya sake zagaya ta, ya ce fara ce, ana hango ta daga nesa.

Na ce ya yi haƙuri, mai sayen mota ai sai ya duba. Ya ce Hajiya ba dubawar ce ta dame ni ba. Ya ce duk motocin nan da suka gani, ko sau ɗaya Malam bai taɓa zama a kujerar direba ba. Shi Sagir ke tayarwa, shi ke zagayawa da ita, Malam na tsaye a gefe hannu a aljihu. Mutumin da ya shekara ashirin a kan sitiyari.

Na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Na daɗe a tsaye a zauren da kofin a hannuna.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da rana

Na faɗa masa. Ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. Yana ba ni labarin wata mai matsalar kuloci, na ce Malam don Allah ka daina wahalar da bawan Allah nan, ba mota kake nema ba, dalilin ƙin saye kake nema. Na ce in ba za ka koma ba ka faɗa, a sayar da injin kowa ya huta, ni ma in daina tashi da asuba ina dafa maka shayin zuwa ganin mota.

Ya kalle ni, kallon da ban taɓa gani ba a shekarun aurenmu. Ya ce, “Ladidi, ki bar ni.”

Na bar shi. Na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan La'asar

Ba mu yi magana ba. Ya fita, ya dawo, ban tambayi hayaƙi ba.

Na kawo wa Yaya Isiyaku shawarar a ɗauki direba. Ya ce ai ya riga ni, Malam ne ya ƙi, ya ce ba zai sa ɗan wani a hanya da sunansa ba. To kai ba ka tafi ba, ba ka bar wani ya tafi ba. Ya Allah.

Talata, 15 ga Oktoba, da Azahar

An sayi mota.

Na rubuta na sake karantawa. An sayi mota.

Talata dai, bayan Magariba

Bari in rubuta yadda Yaya Isiyaku ya ba ni labari, yana yi yana dariya har da buga cinya.

Shi ya zo da kansa bayan sallar Asuba ya tasa Malam a gaba, su da Sagir, zuwa Unguwar Sarki gidan wani Alhaji Muhammadu mai fataucin hatsi. Akori-kura ce ruwan toka, mai gas, giyar hannu, Alhajin da ita yake zuwa gonarsa, yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Bonet sanyi ƙalau, raɓa ma ba ta bushe ba. Bugu ɗaya ta tashi. Malam ya shiga ƙasa ya fito, ya buɗe murfin mai, ya leƙa lagireto, ya tsuguna a bakin salansa. Har tankin ruwan Alhaji mai taya aka cika aka ɗaura mata, Sagir ya hau gangare da shi ya sauko, ko tari ba ta yi ba. Yaya ya ce yana kallon Malam yana ta neman abin faɗa, ya rasa.

Alhaji na zaune a kujera, maƙwabtansa biyu a gefe, ya ce to Malam, taya.

Sai Malam ya taya kuɗin da ko keke mai ƙafa uku ba za su saya ba. Yaya ya ce kunya ta kama shi har ya sunkuyar da kai, Sagir ya riƙe baki. Kowa na jiran Alhaji ya ce albarka, ko ma ya ce su fitar masa daga gida. Sai Alhaji ya ce, “Kai ne Balarabe, abokin aikin Bashir mai inji?” Malam ya ce shi ne. Ashe shekara da shekaru su ke casa masarar da yake saye a ƙauyuka, ya san Yaya Bashir sarai, ya kuma ji abin da ya faru.

Ya miƙo hannu ya ce, “Na sallama. Allah ya sa albarka.”

Yaya Isiyaku bai tsaya wata-wata ba, nan take ya tura kuɗi ta waya, aka shafa fatiha. Sagir ne ya tuƙo ta, yana ta ƙunƙuni wai la'adarsa ta mutu a tsaye.

Yaya yana cewa ka ga ciniki, ka ga ɗan kasuwa! Ni kuwa ina kallon Malam a bakin ƙofar ɗaki, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na san abin da ya yi. Ya taya ne don a kore shi. Bai san zai gamu da mutumin kirki ba.

Laraba, 16 ga Oktoba, da yamma

Ya koma gidan Alhajin shi kaɗai, a ƙafa. Da ya dawo, ban tambaya ba, shi ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ya je ya ce a warware ciniki, kuɗin ba su kai darajar motar ba, yana jin kamar ya ci haƙƙi. Alhaji ya ce kai ka taya da bakinka, ni na sallama da nawa, a gaban mutane, yanzu so kake a ce Muhammadu ya sallama ya dawo ya lashe? Ya ce in cikon ne ke damunsa, ya yi aiki da ita ya kai wa 'ya'yan Bashir.

Malam ya ce mini, “Ko fita ban san yadda na yi ba.”

Na ce ga tuwo nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan an sauko masallaci

Tana ƙofar gida ta tare rabin layi. Maƙwabta sai shigowa suke Allah ya sa alheri, Allah ya tsare hanya. Duk wanda ya ce Allah ya tsare hanya sai ya ɗan yi shiru bayan nan, kamar ya taka wani abu.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da hantsi

Ya wanke ta jiya. Ya wanke ta yau. Ruwan da nake saye a wurin 'yan garuwa. Makullin na rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗaki.

Talata, 22 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je Kasuwar Kawo, sabuwar masara har ta fara shigowa. Wasu injinan ne suka casa ta.

Harira ta zo ganin mota. Ta shafa jikinta, ta ce ta fi waccan tsawo. Babban ɗanta ya tambaya ko da ita za a je a ɗauko Baba. Labulen ɗaki na sake, amma na ga ƙafafun Malam ta ƙasa, a tsaye yake daf da ƙofa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, da yamma

Haƙurin Yaya Isiyaku ya ƙare. Yau har cikin ɗakin ya shiga. Ina madafa ina jin komai. Ya ce an yi mota, me kuma ya rage? Ba wanda ya ce ka koma waccan hanyar, ga gonakin hanyar Zariya nan, wani manomi a Birnin Yero ya tara masara yana ta roƙo. Ya ce jibi Asabar da hantsi zai zo da mutumin Zariya, in ya tarar da injin a filin nan, ya sayar, motar ma ya sa ta a kasuwa.

Da Yaya ya fito idonsa ya yi ja, ya ce mini ƙanina ne fa, ba son raina ba ne. Na ce na sani Yaya.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da safe

Ban je makaranta ba. Na ce musu kaina ke ciwo, kuma gaskiya ne.

Asabar, 26 ga Oktoba, da hantsi

Hannuna na ciwo, amma sai na rubuta.

Bayan an idar da sallar Asuba na ji ƙarar injin mota a ƙofar gida. Na ɗauka Sagir ne aka aiko. Na leƙa, makulli ba ya kan ƙusa.

Na zura hijabi na fita. Ashe Malam ne, ya kai ta filin bayan masallaci, a hankali kamar mai koyo, an yaye tamfol, an kori awaki. Saura ya yi ribas ya daidaita ƙugiyar motar da bakin tirela a saka ƙarfen. Nan abin ya tsaya. Mutanen da suka fito daga masallaci duk sun zama masu ba da hannu, wannan na cewa zo-zo-zo, wancan na cewa karya hagu, wani na cewa dama. Ya zo ya wuce. Ya koma ya zo a karkace. Na uku motar ta mutu. Ina hango wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf da sanyin safiyar nan, hannunsa na neman makulli yana kuskurewa. Na ga ya kama marfin ƙofa zai fito, na san in ya fito shi ke nan.

Ban san lokacin da na ratsa mazan nan ba. Na ce don Allah kowa ya yi shiru. Yaya Bashir ba ya ihu in suna ɗaura inji. Tsayawa yake a gefen bodi yana bugawa da tafin hannu, a hankali a hankali ma'ana taho, in ya matsa ya buga ta can ma'ana karya can, bugu ɗaya mai ƙarfi ma'ana tsaya. Kaka nawa ina kallonsu daga bakin zaure da kwanon koko a hannu.

Na fara bugawa. Shiru, motar ba ta tashi ba. Na ci gaba. Sai ta tashi, ta fara tahowa, santsi kamar ana jan ta da zare. Na buga da ƙarfi, ta tsaya cak, liman da kansa ya zura ƙarfen a raminsa.

Na zagaya wajen tagarsa. Goshinsa na kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Na tsaya na kare shi da jikina kada mutane su gani. Da ya ɗago bai kalle ni ba, ya ce in koma gida, zai dawo kafin Magariba.

Da Yaya Isiyaku ya zo da baƙonsa, sawun taya suka tarar da kashin awaki.

Asabar dai, bayan La'asar

Na kira sau ɗaya, ya ɗauka, ƙarar injin ta hana ni jin abin da yake cewa. Na kashe na zauna na yi kuka mai isata.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da safe

Ya dawo jiya ana kiran Magariba, ƙaiƙayi har cikin gemunsa, da buhu biyu a bayan mota, ladan casa. Ya sauke ɗaya a zaure. Ɗayan ya bar shi, ya ce in sako hijabi in raka shi.

Ban tambayi ina ba.

Harira na kwashe kaskon awara muka tsaya. Da ta ga wanda ya fito daga motar sai ta miƙe, cokalin na hannunta. Ya ɗauko buhun a kafaɗa shi kaɗai, ya kai ƙofar ɗakinta ya jingine, ya ce rabon Bashir ne. Ta tura yaranta gidan maƙwabta. Ya tsuguna a tsakar gidan, ita ma ta durƙusa nesa kaɗan, ni ina tsaye na dafa bango.

Wannan karon ba ni ta tambaya ba. Ta ce, “Malam, in ci gaba da jira?”

Ya ce, “Ki daina, Harira. Ni na yi masa salla. Ni kaɗai, da taimama.”

Ba ta yi ihu ba. Ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita, ta ce Allah ya saka maka da ka yi masa. Ni ce na zube a ƙasa. Ashe duk watannin nan da nake ce mata bai ce komai ba, ni ma jira nake.

Daga can muka wuce gidan Inna. Wannan ba zan rubuta ba.

Yau za a fara zaman makoki a ƙofar gidan Inna. Malam ya fita tun da sassafe, ya tafi ɗauko tabarmi da bencina da motar.